Wasiƙa daga Agege zuwa Alƙahira

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwarka a kan jinkirin amsa. Saƙonka ya iso tun kafin azumi, amma tambayar da ke cikinsa ba irin wadda ake amsawa a cikin motar haya ta danfo ba ce, shi ya sa na jira daren da aka bar mana wuta kuma babu aikin kowa a wuyana. Ka tambaye ni yadda mai zanen barkwanci yake ci da sha bayan ya bar makaranta, da kuma ko ya dace ka koma ga alƙalami idan ka kammala karatunka. Zan faɗa maka abin da na gani a cikin wata 18 da na yi a nan tun bayan hidimar ƙasa.

Shekarun da muka yi muna karatun zane a jami'a a Samaru sun ba mu hannu da ido, kuma ba na raina su. Har yanzu idan na zana mutum a tsugune, masu sayar da rake na kasuwar Samaru nake tunawa, waɗanda muka yi ta zanawa har suka gaji da tambayarmu abin da za mu yi da hotunansu. Ka kuma tuna yawan labarin da aka ba mu na ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Mun haddace sunayensu domin jarrabawa, amma sai da na zo Legas na lura da cewa kafin duniya ta san su ɗaya bayan ɗaya, samari ne da suke zama tare, suna duba aikin juna, suna gardama a kansa. Wannan ɓangaren na labarin shi ya fi yi mini amfani yanzu.

Na sauka a wurin Kawu, wanda ka san yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Watannin farko na ƙarar da su ne ina yawo da jakar zane-zanena daga wannan gidan jarida zuwa wancan, domin a tunanina nan ne mazaunin mai zanen barkwanci. Tarihi ma ya ba ni gaskiya, tun daga Akinola Lasekan da yake zolayar Turawan mulkin mallaka a jaridar West African Pilot cikin shekarun 1940, har zuwa Mustapha Bulama da zanensa na Daily Trust yake zagaya wayoyin mutanenmu. Sai dai kujerun kaɗan ne, kuma wanda ya samu ɗaya ba ya saurin tashi. Wani edita ya duba aikina da mutunci, ya yi dariya a inda ya kamata, sannan ya ce in bar lambata, kuma ina ganin har yanzu tana cikin aljihun teburinsa.

Abin da nake ci da shi a yau tarkace ne. Ina zana bangon littattafai da hotunan littattafan firamare da takardun wayar da kai kan rigakafi, wani lokaci kuma wani ya kawo hoton amininsa ya ce a ƙara masa girman kai da hanci domin walima. Labarina na kaina, na yaron nan mai tura ruwa da ka san farkonsa, sai bayan isha'i nake taɓa shi, kuma shafi biyu a mako shi ne iyakar ƙoƙarina.

Babbar matsalar da na fara cin karo da ita kunya ce. An rene mu a kan cewa yaro ba ya yabon kansa, ba ya kuma tsayawa ciniki da wanda ya girme shi, to amma wannan sana'a tana bukatar ka buɗe jakarka a gaban baƙo ka ce ga abin da na iya, ga kuma kuɗinsa. Aikina na farko mai girma, zane 24 ne na wani littafin yara. Da mai aikin ya tambaye ni farashi, sai na sunkuyar da kai na ce ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ya sa na sake zane bakwai har sau uku, ya biya abin da bai kai kuɗin motar da na kashe ba, daga baya kuma na ga zanen a kalanda ba tare da sunana ba. Da na kai kuka wurin Kawu, dariya ya yi, ya ce ko malamin da yake rubutun sha yana karɓar kafin alƙalami, ni wane ne da zan fi shi tawali'u? Tun daga ranar ba na ɗora fensir a takarda sai an ba ni rabi, kuma ina rubuta adadin zane da yawan gyaran da ke cikin kuɗin da wurin da za a yi amfani da shi, ko da a saƙon WhatsApp ne. Daga baya na san cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da miƙa haƙƙin aiki ga wani ba sai a rubuce, abin da ya kamata in sani tun kafin in karɓi aikin farko.

Bara na je Lagos Comic Con, taron masu labarin zane da Ayodele Elegba ya fara a 2012. Na tafi da burin gaisawa da manya, irin mutanen Comic Republic, kamfanin da Jide Martin ya kafa a 2013, kuma na gaisa da wasu, suka karɓe ni da fara'a. Amma mutumin da mutum ɗari suka miƙa wa hannu a yini ɗaya ba a zarginsa idan ya manta fuskarka. Waɗanda suka canza mini rayuwa su ne waɗanda muka raba kuɗin tebur ɗaya da su, wata Bayarabiya gwanar saka launi da wani saurayi daga Inugu mai tsara rubutu a shafi, dukkanmu ba kowa ba ne. Mun yini muna tsare wa juna kaya, muna ba juna canji. Na je da ɗan littafi mai shafi 16, baƙi da fari, kwafi 50, kuma na lura cewa katin suna yana ƙarewa a kwandon shara, amma ɗan labari mutum yakan kai shi gida ya nuna wa wani. Bayan wata biyu ita wannan baiwar Allah ta kira ni, ta ce wata ƙungiya tana neman mai zanen da ya san Arewa, kuma ta riga ta ba da sunana.

A nan ne na gane darajar abin da nake ɗauka ba komai ba. Legas cike take da waɗanda suka fi ni hannu, amma kaɗan ne cikinsu suka san yadda ake saɓa babbar riga a kafaɗa, ko bambancin zanna bukar da dara, ko yadda mace take zama a kan tabarma tana tankaɗe. Sannan ga matsalar haruffa. Yawancin salon rubutun kwamfuta da ake sa wa maganar mutanen cikin zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga an bar gurbi ko an rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa. Ni da hannu nake rubuta nawa, kuma wannan kaɗai ya kawo mini aiki uku.

Mutum na gaba da ya kamata ka nema a duk garin da ka sauka shi ne mai injin ɗab'i. Nawa wani dattijo ne a Shomolu, unguwar da maɗaba'u suka yi wa yawa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Shi ya koya mini cewa shafukan littafin da ake naɗewa a ɗinke a tsakiya dole su rabu huɗu-huɗu, cewa kowane ɗaya daga launuka huɗun da ake bugawa da su yana da farantinsa da kuɗinsa, kuma shuɗin da yake haskawa a fuskar kwamfuta yakan dushe a takarda. Saboda ina zama ina sauraronsa maimakon in ajiye aiki in tafi, yanzu idan marubuci ya zo masa da littafi babu bango, ni yake kira.

Game da intanet ba zan ja magana ba. Ina saka zane a Instagram da Facebook sau biyu a mako, ya zama shaida cewa ina raye kuma ina aiki, amma yawan masu yabo bai taɓa biya mini kuɗin data ba, kuma sau da yawa akan yanke sa hannuna kafin a tura gaba. Yanzu a tsakiyar zanen nake ɓoye shi, a jikin riga ko a bangon shago.

Na san abin da yake ranka, domin ni ma na daɗe ina ganin wannan neman sanin mutane kamar maula ce da aka sa wa riga mai kyau. Na daina ganinsa haka ranar da aka kawo mini aikin launi da ya fi ƙarfina, na tura shi ga wadda ta taɓa ba da sunana, ban karɓi ko sisi ba. Mu shida ne yanzu 'yan wannan sana'a, muna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, kowa ya baje shafukansa a faɗa masa gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa, kuma ranar da aka ce mini dukkan matan da nake zanawa fuskarsu ɗaya, ban ci abincin dare da daɗi ba, amma da na koma gida na duba sai na tarar haka ne.

Amsata ga tambayarka ita ce ka dawo ga zane, amma kada ka saki aikin fassarar da kake yi sai zanen ya ciyar da kai wata shida a jere. Kada kuma ka jira sai ka dawo gida, domin Misira tana da daɗaɗɗen tarihin zanen barkwanci a jaridu da mujallu, ka nemi sa'o'inka a can Alƙahira ka riƙa zama da su. Mu shidan nan muna haɗa ɗan littafi na gajerun labarai kafin taron Comic Con na bana, kuma na roƙa maka shafi 8, baƙi da fari, da Hausa, a kan rayuwar ɗalibanmu a can. Na riga na nuna musu zanen layin ɗakin cin abinci da ka yi a aji uku, sun amince. Ka turo mini zanen fensir kafin Babbar Salla, rubutun kuma ka bar mini shi idan kwamfutarka ba ta da haruffanmu.

Kawu yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran hoton bijiminsa da ka yi masa alkawari. Idan ka yi waya da Hajiya ka miƙa mata gaisuwata. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka, amininka.