Wa ya kamata ya ɗauki nauyin tafinta a shagunan Amurka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata matsala da ke yawan jawo sa-in-sa a shaguna da gidajen abinci da asibitocin Amurka, wato rashin fahimtar juna tsakanin ma'aikacin da Turanci kaɗai yake ji da mai sayayyar da Sifaniyanci ne harshensa. Maganar ba ta yi mana nisa ba, domin 'yan Afirka ta Yamma da dama suna irin waɗannan ayyuka a unguwar Bronx ta birnin New York, inda fiye da rabin mazauna 'yan asalin Latin Amurka ne, yankin da Sifaniyanci ne babban harshensa.

Sama da mutum miliyan 40 ne ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka, kuma ba dukkansu ne baƙi ba. Jihohin Kalifoniya da Nevada ƙasar Meksiko ce kafin yarjejeniyar 1848 da ta mayar da su hannun Amurka, su kuwa mutanen tsibirin Puerto Rico, masu jin Sifaniyanci, tun 1917 suka zama 'yan ƙasar Amurka. Saboda haka duk wanda ya daka wa mai sayayya tsawa ya ce ya koma ƙasarsu, bai san tarihin inda yake tsaye ba.

Sai dai ba a cika yi wa ma'aikacin adalci ba, kuma nan ne hankalina ya fi karkata. A dubi tsohuwar da ta zo kantin magani riƙe da takardar likita, tana nuna kwalba tana tambayar sau nawa za ta sha, ga layi ya yi tsawo a bayanta. Yarinyar da ke aiki a kantin ta maimaita bayani, ta ƙara ɗaga murya kamar matar kurma ce, ita kuma tsohuwar ta ɗauka wulaƙanci ne. Alhali wannan yarinya ba wanda ya koya mata harshen, ba wanda ya ba ta lambar tafinta, kuma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake dala 7.25 a awa tun 2009, da wuya a ce ta biya kuɗin makarantar koyon harshe daga aljihunta.

Shi kuma ma'aikacin da ke jin harsunan biyu, wahalarsa ta fi yawa. Da an cije sai a kira shi ya bar jera kaya ya zo ya yi tafinta, ya koma ya tarar da aikinsa yana jiransa, kuma sau da yawa ko sisi ba a ƙara masa ba. Akwai kuma wanda ake yanke wa hukunci saboda kamanninsa ko sunan gidansu, alhali a Amurka aka haifi iyayensa, Sifaniyancinsa bai wuce na gaisuwa ba, sai a ce girman kai ne ya hana shi amsawa. Wasu 'yan Guatemala ma harsunan ƙabilun Maya ne nasu, irin su Mam, ba Sifaniyanci ba.

A shekarar 2000 Shugaba Clinton ya umarci hukumomin tarayya su sauƙaƙa wa masu ƙarancin Turanci, amma a watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya soke umarnin, ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma. Wannan bai rage ko mutum ɗaya daga layin kanti ba.

Ra'ayina shi ne, mai shagon da ya buɗe kasuwancinsa a unguwar masu Sifaniyanci yana karɓar kuɗinsu, shi ne nauyin ya hau kansa. Ya ɗauki masu jin harsunan biyu ya biya su ladan wannan ƙwarewa, ya rubuta farashi da ƙa'idar mayar da kaya cikin harsunan biyu. Asibitoci da kantunan magani kuwa wajibi ne su tanadi ƙwararren tafinta, ko da ta waya ne, su daina sa ƙaramin yaro ya fassara wa mahaifiyarsa sakamakon gwajin jini.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku