Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano: A Koya Mana Sauraron Yara

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Allah ya taya ka riƙo.

Ni malamar firamare ce a cikin birni. A watan Yunin 2024 Mai Girma Gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muka yi murna, muka sa rai. Gyaran aji da kujeru da alli duk muna so. Amma wanda zai tsaya gaban yaran fa, wa ya shirya shi?

Akwai wani yaro a ajina da yake barci kullum kafin a fita tara. Na yi faɗa, na sa shi kamun kunne, na kai ga bulala. Sai daga baya wata maƙwabciyarsu ta faɗa min mahaifiyarsa ta rasu, kuma shi ke tura kurar ruwa da asuba kafin ya zo. Ranka ya daɗe, ranar na yi kuka a ofis. Na halarci bita ba sau ɗaya ba, na koyi tsara darasi da cike rijista, ban taɓa zama inda aka koya min yadda ake tambayar yaro "me ke damunka?" har ya saki jiki ya amsa ba.

Kuma wannan ilimi ne da ake koyarwa. Tun 1943 Abraham Maslow, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya bayyana cewa mai yunwa ko tsoro hankalinsa na can kan buƙatarsa. Mu ma mun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Carl Rogers kuwa, shi ma masanin wannan fanni, abu uku ya nema ga malami: ya zama mai gaskiya a mu'amalarsa, ya karɓi yaro da mutuncinsa ko da ya yi laifi, ya kuma iya jin abin da yaron ke ji. Ba a ce a bar tarbiyya ba. An ce malami ya san fushinsa, ya iya riƙe shi. Yaron da aka kunyata gaban 'yan ajinsu sau goma, wata rana ba zai dawo ba, kuma kai ma ka san su waye ke jiransa a lungu.

Don Allah a duba mana. Muna da Kwalejin Sa'adatu Rimi a Kumbotso, muna da malaman sanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Bayero. A haɗa su da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su tsara horo na gaske, da gwaji a cikin aji, a riƙa bibiya zango-zango, a fara da shugabannin makarantu. Cunkoso da ƙarin girma ma na nan, amma ba yau ba.

Yaron nan har yanzu yana zuwa. Na mayar da shi layin gaba, kusa da teburina, iyakar dabarar da na sani ke nan.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Kano