Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Alhajin Kantin Kwari da ya tambaye ni ina gawarwakin korona

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali.

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya ka yi tambayar da lokaci bai bari na amsa ta yadda ya kamata ba. Ka ce an tsorata ku da cewa korona za ta ƙarar da mutane, aka rufe kasuwa da masallaci a cikin azumi, sai ga shi a ƙarshe hukuma da kanta ta ce mutum dubu uku da ƴan kai ne suka mutu a duk Najeriya. Ka ƙara da cewa wanda bai taɓa ba ka maganin zazzaɓi kyauta ba shi ne ya biyo ka har bakin shago da allura, don haka in wata annoba ta zo me zai sa ka sake yarda da mu ma'aikatan lafiya.

Alƙalamin da ka kawo gaskiya ne, domin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum kimanin 3,155 da suka rasu cikin sama da 266,000 da aka tabbatar sun kamu. Sai dai, ranka ya daɗe, ba a shigar da mamaci cikin wannan lissafi sai in an ɗauki samfurinsa an gwada an samu cutar. Mu kuwa a Kano, dattijon da ya cika da asuba kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, babu takardar asibiti, babu rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya. A faɗin ƙasar nan kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake yi wa rajista. Saboda haka wancan alƙalami adadin waɗanda gwaji ya riska ne, bai ƙirga kaburbura ba.

Kaburburan kuwa kai ma shaida ne a kansu. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, kuma kafin watan ya ƙare masu haƙar kabari a maƙabartun Ɗandolo da Abbatuwa sun fito suna cewa ba su taɓa ganin yawan jana'iza irin wannan ba. Malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da attajirai da limamai suka riƙa tafiya a jere, har mutum ya riƙa fargabar ɗaga waya da safe. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin da jihar ta dogara da shi ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, gwamnatin jiha kuma ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Da tawagar gwamnatin tarayya ta bi gidaje tana tambayar iyalan mamata irin alamomin da suka gani, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen suna da alaƙa da korona. Akasarinsu tsofaffi ne, fiye da rabinsu kuma a gida suka cika. Hawan jinin da aka ambata ba ƙarya ba ne, amma mai hawan jini ya daɗe yana zaune da abinsa, abin tambaya shi ne me ya same shi a wannan Afrilun. Ba mu kaɗai ne lissafi ya gaza wa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 annobar ta jawo mutuwar mutum miliyan 14.9, alhali abin da ƙasashe suka kai rahoto bai wuce miliyan 5.4 ba.

Duk da haka akwai inda gaskiya take wajenka. Abin da ya auku a Italiya bai auku a nan ba, kuma hasashen da wasu masana na waje suka yi wa Afirka ya wuce gona da iri. Babban dalili shi ne shekaru. Rabin mutanen Najeriya ba su haura shekara 18 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa kimanin kashi 3 ne cikin 100, a Italiya kuma sun fi kashi 20. Cutar ta yaɗu a cikinmu sosai, domin binciken jini da aka yi a Legas wajen Oktoban 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa kamuwa, a lokacin da adadin hukuma na ƙasa baki ɗaya bai kai 70,000 ba. Yaran shagonka sun yi ta a matsayin mura sun warke. Haɗarin ya taru ne a kan sa'o'inka, musamman masu ciwon suga da ciwon ƙoda da hawan jini, kuma a ganina can ya kamata a fi mayar da hankali. Kulle garin da yawancin mutanensa hannu baka hannu ƙwarya suke, ba tare da an kai wa ɗan dako da mai tura baro ko kwanon gero ba, sannan a buɗe kasuwa ranakun Litinin da Alhamis jama'a su yi cincirindo wuri guda, tsari ne da aka kwafo ba a auna shi da garin ba. A nan ba ni da abin da zan kare.

Batun allura ne na fi so ka saurare ni a kai. Na san daga inda zarginku ya taso. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, cikin yara 200 da aka saka a gwajin 11 suka rasu, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma Kano ta riga ta gwada gudun ta ga sakamakonsa: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna, kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar.

Zaluncin da aka yi mana a rabon rigakafin korona kishiyar wanda kake zargi ne. Ingila ta fara yi wa mutanenta ranar 8 ga Disamba, 2020, ƙasashe masu arziki kuma sun riga sun saye allurai tun ba a gama haɗa su ba, wasu har ninkin yawan mutanensu. Kason farko na Najeriya, allura kusan miliyan 4 ta AstraZeneca ƙarƙashin COVAX, shirin duniya na raba rigakafin korona ga ƙasashe, bai sauka Abuja ba sai 2 ga Maris, 2021, ga ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Jim kaɗan Indiya, inda ake sarrafa ta, ta tsayar da fitarwa saboda annobar ta rincaɓe a gida, aka shafe watanni ana jira. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a sassauta haƙƙin mallakar fasahar tun Oktoban 2020 domin wasu ƙasashe su haɗa tasu, aka yi ta jan ƙafa har Yunin 2022. Da aka tashi yi mana kyauta, wasu alluran saura makonni wa'adinsu ya cika, shi ya sa a Disamban 2021 Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da masu shi suka yi rububinsa suka fara da iyayensu da shugabanninsu ba guba suka ɗauke shi ba. Sun riƙe shi ne a lokacin da dattawanmu suka fi buƙatarsa, suka sako mana ragowa bayan an yi nisa.

Maganar zazzaɓin cizon sauro kuwa, ƙorafinka a kan hanya yake. Najeriya ce ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da shi a duniya, kuma uwar da aka rubuta wa magani ta rasa kuɗin saye tana da hujjar yin mamaki in aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da allura kyauta. Amma wannan hujja ce ta matsa wa gwamnati ta cika asibitin unguwa da magani, domin ƙin allurar ba ya sauke farashin maganin zazzaɓi ko da sisin kwabo. Dubi mashaƙo: a ɓarkewar da ta fara a ƙarshen 2022 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurar tana cikin ta jarirai da ake yi kyauta shekara da shekaru.

Ban ce ka yarda da mu ido rufe ba. Ku shugabannin kasuwa kuna da bakin da ya fi namu isa fadar Sarki da gidan gwamnati. Ku nemi a ajiye littafi a kowace maƙabarta da hannun kowane mai unguwa, a riƙa rubuta sunan mamaci da shekarunsa da abin da ya yi fama da shi, a tattara duk mako a sanar da jama'a. Ku nemi duk allurar da za a kawo a nuna shaidar gwajin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar ƙarewar wa'adinta, a kuma fara da tsofaffi da masu ciwon ajiye. Kafin nan, ina roƙon Alhaji ya sa a duba katin rigakafin jikokinsa, a ga ko allurar mashaƙo ta cika uku.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Naka,
Ma'aikacin lafiyar al'umma, Kano