Zaren Gilashin Da Ya Koyi Sauraro

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka yi mini afuwar shirun nan, aiki ne ya sha kaina. Ka tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali kwanakin nan, to ga shi.

Ka san zaren gilashin nan da ke kawo intanet? Ran nan na ɗora guntunsa a tafin hannuna, kaurinsa kamar silin gashi, sai da na karkata shi ga hasken taga kafin na gan shi. Tun 1966 Charles Kao ya nuna cewa in aka tace gilashi sosai haske zai yi nisa a cikinsa, kamfanin Corning kuma ya ƙera irinsa a 1970. Ni a zatona kai saƙo ne kaɗai aikinsa. Ashe har ji yake yi!

In aka harba hasken lesa, wato siririn haske mai ƙarfi, cikin zaren, ɗan kaɗan yakan ci karo da ƙananan tabon da ke cikin gilashin ya dawo baya. Da can asara ake ɗaukar wannan. Sai aka lura cewa in zafi ko girgiza ta taɓa zaren, hasken da ke dawowa yakan canza. Tunda an san gudunsa a gilashi, kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, jinkirin dawowarsa shi zai nuna daidai inda abin ya faru. Ka ga zare guda ya zama kunnuwa dubbai, jere a kan kilomitoci. Wallahi wannan dabarar ta burge ni ƙwarai.

Ana binne shi a gefen bututun mai, in bututun ya tsage ko wani ya fara haƙa kusa, nan take a sani. Babu lantarki a jikinsa balle tartsatsi, shi ya sa ake zura shi har cikin rijiyar mai ba fargaba. Akwai kuma wanda Ken Hill ya gano a Kanada a 1978, mai ƙananan zane a ciki, da ake mannawa a jikin gada don auna yadda take miƙewa in kaya sun hau ta.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na ƙarƙashin teku. Wayoyin da aka shimfiɗa don sadarwa, da su masana ke jin girgizar ƙasa, har da kukan manyan dabbobin ruwan nan masu kama da kifi da ake kira wel.

In ka zo zan nuna maka guntun, na adana shi cikin ambulan. A gaida mutanen gida.

Naka amini.