Wasiƙa zuwa ga Inna a kan ciwon Abba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin naki? Ni lafiya ƙalau, aiki mun gode Allah. Sanyin Ingila ne dai, shi ma an saba.

Na turo naira dubu 300 ta asusun Auta. Dubu 50 naki ne na cefane, sauran duk na Abba ɗan Yaya ne: bandeji, basilin, madara da kuɗin mota zuwa asibitin Shika. Kada a ba Yaya a hannu. Ba raini ba ne, yayana ne, amma labari ya iso ni cewa na wancan karon rago aka saya da su aka kai wa wani mai magani, ya ba da garin da aka barbaɗa wa yaron a kan gyambo har ya yi ruwa. Tsayuwar dare nake yi ina ɗaga tsofaffi kafin in sami kuɗin nan, Inna. Ba ƙorafi nake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da aka ce Goggo tana yawo da ita daga Ƙofar Doka har Tudun Wada, wai jifa aka yi, wai kuma daga jinin uwar ne, har Yaya ya fara cewa ta je gida ta huta. Wane gida? Ba 'yar Kawu ba ce? Jinin nata ai namu ne. Na nuna wa wata nas a wurin aikinmu hoton katin asibiti, sunan da likita ya rubuta shi ne epidamolisis bulosa, EB a taƙaice. Ciwon gado ne. Abin da ke manne saman fata da ƙasanta ne bai cika ba tun daga ciki, shi ya sa ɗan guga kaɗan sai bororo ya tashi fatar ta sale. Tunda iyayen lafiyarsu lau, akasari kowannensu yana ɗauke da shi ne a ɓoye, kamar yadda AS da AS suke haifar mai sikila. Kowane ciki, ɗaya cikin 4 ne yiwuwar ya fito da shi. Auren zumunci yana ƙara haɗa masu ɗauke da shi, amma wannan ya wuce, ba a kan kowa zan ɗora ba. Kuma ba ya yaɗuwa. A daina hana yara shiga ɗakin uwar, a daina ware mata kwano.

Ki sa ido da kanki, ke Yaya yake jin nauyi. Kada filasta ta taɓa jikinsa, fatar za ta biyo ta. A shafa basilin a kan bandeji kafin a ɗora, in ya manne a jiƙa shi tukuna. Ba a ɗaukarsa ta hammata, hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunai ɗaya bayan wuya. Riga mai laushi, a juya ɗinkin waje. Goyo da zani mai kaushi a bari. Zafin bazara yana ƙara tayar da bororon, don haka Auta ya duba fanka mai caji a Sabon Gari, zan turo kuɗinta daban. Bororon kuma ba a barinsa ya yi ta faɗi, nas za ta koya wa uwar yadda ake huda shi da allura mai tsabta a bar fatar a kai.

Wanzami kam kada ya kusance shi. Ba cire beli, ba tsaga, kaciya ma sai abin da likita ya ce.

In kun koma Shika a tambayi likitan fata wane iri ne, domin akwai wanda tabonsa ke haɗe yatsun hannu da na ƙafa har gaɓoɓi su ƙage, akwai kuma wanda ke kawo raunin tsoka daga baya. A tambaya yadda ake naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a kuma auna jininsa, irin waɗannan yaran jini yakan yi musu ƙaranci. Maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya babu, ko a nan. A 2023 Amurka ta amince da wani na shafawa don iri guda, tsadarsa ta fi ƙarfin irinmu. Duk wanda ya ce yana da makarinsa a kwalba, kuɗinku yake so.

Yaron nan sunan Baba gare shi, ban halarci sunansa ba, ban taɓa riƙe shi ba. Wani dare sai in ji kamar in tattara in dawo, to in na dawo wa zai sayi bandejin? Takarduna sun kusa fitowa in sha Allahu, kada ki sa damuwa.

Ki kira Yaya ki yi masa magana ku biyu, ba a gaban Goggo ba. Uwar Abba ba ta barci, ita ma a saya mata madara daga cikin naki, zan mayar miki. Auta, kuɗin Abba na Abba ne, ka ɗauki hoton kowane rasit ka turo min ta WhatsApp.

A gaida Kawu da mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki