A riƙa duba alamun galahanga a ranar awon yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, domin a garuruwanmu na jihar Bauchi har yanzu yaron da ya kai shekara uku ba ya magana, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ya wuni yana jera murafan kwalba ko yana kaɗa hannuwa, akan ce iska ce ta shafe shi, a yi ta hayaƙi da rubutu har lokacin taimakonsa ya wuce.

Masana sun daɗe a kan wannan lalura. Tun 1943 Dokta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana ta a yara 11, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita, galibi maza. Binciken da aka yi a kan tagwaye da iyalai ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma, sai kuma abubuwa irin su haihuwar bakwaini, da haihuwa bayan shekarun iyaye sun ja, da shan maganin farfaɗiya na valproate lokacin goyon ciki. Rainon uwa ba ya jawo ta, don haka dangin miji su daina ɗora mata laifi.

Batun rigakafi kuwa, wanda mu a Arewa mun san ɓarnar jita-jitarsa tun rikicin allurar shan inna na 2003, an riga an warware shi. Rahoton likitan Birtaniya Andrew Wakefield na 1998 da ya danganta allurar ƙyanda da galahanga yara 12 kacal ya duba, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisinsa. A 2019 masana a Danmak sun bi diddigin yara sama da 650,000 ba su ga wata alaƙa ba.

Damuwata ita ce kusan duk wannan bincike a kan 'ya'yan wasu aka yi shi. Ya kamata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe su binciki namu yaran, musamman waɗanda suka tsira daga shawarar jarirai ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma takardar tambayoyi 20 ta gano alamun galahanga mai suna M-CHAT-R, wadda ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30, ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Tunda iyaye mata suna zuwa awo da rigakafi, ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohin Bauchi da Gombe da su horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko su riƙa yin tambayoyin da Hausa da Fulatanci, su tura duk yaron da aka ga alama wurin likitan yara.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Azare, jihar Bauchi.