Ga masu shirin tafiya Indiya neman magani

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu niyyar zuwa Delhi ko Chennai, kada ku ba dillali ko sisi kafin asibitin da kansa ya aiko muku da takardar gayyata da ƙiyasin kuɗi a rubuce. Da ita ake neman bizar jinya, mai rakiya ma yana da tasa.

Allurar rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, in babu katinta ana iya killace mutum a can.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan tiyata. Kuɗin masauki, abinci da magani kan cinye guzuri. Ku nuna wa likitanku na gida takardun tukuna, shi zai ci gaba da duba ku in kun dawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.